Gaisuwar Kirsimeti daga Roma zuwa Sabon Gari

Roma, 24 ga Disamba, 2025

Baba da Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Barkanmu da Kirsimeti. Yaya hunturu? Na san war haka Mama ta ɗora kaskon cincin, Auta na kewaye yana ɗauke na gefe. Sanyin nan ba irin namu ba ne, na ruwa ne, har ƙashi yake shiga. Tsohuwar da nake jinya ta yi barci, shi ne na samu sararin rubutu.

Ranar 5 ga watan nan dayosis ɗinmu, wato yankin cocin Katolika da bishop ɗinmu ke jagoranta, ta cika shekara 25. Ina 'yar shekara takwas aka yanke Zariya daga Kaduna a 2000, aka ba mu Bishop George Dodo. Ban san ma'anar abin ba a lokacin, murnata dai an ɗinka mini sabon zane. Da ya rasu a 2022 takarduna ba su fito ba, sai a waya na yi makoki. Bishop Habila Daboh da ya gaje shi kuwa har yau a hoto kawai na san shi.

Shekarar 2000 ɗin nan shekarar Jubili ce, shekarar neman gafara ta Katolika wadda ake yi duk shekara 25, ga ta kuma ta zagayo bana ina Roma. Baba, na shiga ta Ƙofa Mai Tsarki a majami'ar Bitrus, wadda marigayi Fafaroma Francis ya buɗe daren Kirsimetin bara. Layi ne dogo, ana tafe ana jan rosari, kowa da harshensa. Ƙofar ta tagulla ce, wurin da mutane ke shafawa har ya yi ƙyalli. Na dafa ta na ambaci sunayenku ɗaya bayan ɗaya, mai gadi yana ta yi mini alamar in wuce. Labarin da kuka sha ba mu ne ya faɗo mini, yadda kuka cika bayan a-kori-kura zuwa Kaduna a watan Fabrairun 1982 don ganin Fafaroma John Paul na biyu, kuka dawo da ƙura har cikin kunne.

A watan Agusta ma na kwana a filin Tor Vergata da matasan duniya, aka ce mun kai miliyan, Fafaroma Leo ya yi mana Misa da safe. Abin ya ƙayatar, ba ƙarya. Amma ko ku yi mini dariya, bai kama ƙafar zagayen Almasihu Sarki na ƙarshen Nuwamba a Sabon Gari ba. Rana na dukan ka, 'yan Zumuntar Mata da ankonsu suna buga tulu da kacau-kacau, mu matasa mun riƙe igiya muna tare mashina, in an tsaya kowa ya durƙusa a kan kwalta mai zafi. A nan ana waƙa kamar ana tsoron tada jariri.

Auta, da kai nake yanzu. An ce ka daina zuwa kwaya ta mawaƙan coci da taron matasa, wai ba ka da lokaci. Kana ƙarami a watan Yunin 2012 da aka kai wa babban cocinmu hari. Lahadin da suka biyo baya yayyenka ne suka tsaya a bakin ƙofa suna duba jakunkuna, gabansu na faɗuwa, don kada Misa ta tsaya. Ka koma, ko don muryar nan taka da Allah ya hana ni.

Na aiko ɗan abin da ya samu ta hannun Yaya. A sayi shinkafa da kaji, a kai wa Kaka turmin atamfa. Kada a manta da kwanon gidan Alhaji, da Sallah ba su taɓa tsallake mu ba. Gobe bayan Misa zan kira, don Allah a sa wayar Mama a caji tun da dare.

Taku,
Babbar 'yarku