Wasiƙa zuwa ga aminina: tsohuwar kwamfutarka ta farfaɗo

Kano,
20 ga Disamba, 2025.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma karatu yana tafiya yadda ake so. Yaya Kuala Lumpur da ruwan samanta? Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, hazo ya lulluɓe gari, da safe ko Dutsen Dala ba a hangowa sosai. Ranar Juma'a na je gida na gaida Hajiya, na same ta ƙalau, ta ce in faɗa maka ka riƙa kiranta da rana, don kiran da kake yi bayan Asubahinku cikin dare yake riskarta.

Saƙonka ya iso ni, inda ka ce za ka turo kuɗi in saya wa autarku sabuwar kwamfuta tunda ta samu shiga Jami'ar Bayero. Na ce maka ka dakata, ban yi maka bayani ba, domin maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Yau na samu zama, shi ya sa na ɗauko alƙalami. Abin da nake so in faɗa maka shi ne ka riƙe kuɗinka. Kwamfutar da take buƙata tana nan a gidanku tun ranar da ka tafi.

Ka tuna baƙar ThinkPad ɗinka, T430, mai jan ɗigo a tsakiyar madannai? Wadda muka sayo a titin Beirut, ta hannu, ka rubuta kundin digirinka na farko a kanta? Hajiya ce ta ciro min ita daga ƙasan akwati, a naɗe cikin tsohon zani. Ta ce yara sun gwada kunna ta sun ce ta mutu. Da na kawo ta gida na jona caja, sai ta kawo haske, amma ta fi minti biyar tana juyi kafin ta buɗe, fankar tana kuka kamar injin markaɗe, ƙasanta kuma ya ɗau zafin da ba za ka iya ɗora ta a cinya ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wani ɗan sauti da nake ji daga gefenta, ƙyas, ƙyas, ya yi shiru, ya sake. Na san wannan sautin. Faifan ajiya ne yake gab da mutuwa.

Ban ƙara taɓa komai ba, na kashe ta nan take. Da yake irin wannan faifan, wanda masu gyara ke kira HDD, faranti ne na gaske a ciki yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke bin samansa tana karantawa, duk kunnawar da aka yi masa bayan ya fara wannan kukan ƙara masa rauni take yi. Sai na ɗauko filashi na zuba Linux Mint a kai, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, na tashi kwamfutar daga filashin kai tsaye, ba tare da ta nemi Windows ɗin da ke faifan ba. Daga nan na shiga kwashe kayanka a hankali zuwa wani faifan. Ya ɗauke ni daga bayan Isha'i har wajen ƙarfe biyu na dare, don wani lokaci sai ya tsaya cak, in zauna ina kallon allo ina addu'a, sannan ya ci gaba.

Aminina, a cikin kayan na tarar da wata jaka da ka sa wa suna "Baba". Muryoyin marigayi ne guda goma sha ɗaya, waɗanda ka ɗauka da waya lokacin da yake ba ka labarin fataucinsu zuwa Damagaram da Agadas. Ɗaya kawai na buɗe don in tabbatar yana aiki. Da na ji ya yi gyaran murya irin nasa ya ce "to, kana ji ko?", sai na rufe, na daɗe zaune ban motsa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Duk sha ɗayan sun fita lafiya. Na ajiye su wuri biyu, a faifaina da kuma wani filashi da na ba Hajiya ta sa a cikin akwatinta. Hotuna kaɗan ne suka ƙi fita, sauran duka suna nan, har da na walimar kammala karatunmu. Idan ka amince zan ɗora muryoyin a intanet in turo maka, don a samu kwafi na uku a wajenka.

Washegari na kai ta titin Beirut wajen wani yaro da nake kai wa gyara. Ina tsaye ya kwance ta. Da ya ɗaga fankar, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin mafitar iska kamar auduga, har ya ciro ta da hantsaki a haɗe, falle guda. Ƙurar hunturun shekaru ce ta taru. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfutar da ƙarfen da ke janye zafi kuwa ya bushe ƙamas, yana ɓantarewa kamar tsohon yaɓe. Ya goge shi tas, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya mayar. Wannan kaɗai ya kashe kukan fankar. Mutane da yawa a garin nan suna yar da kwamfuta su ce ta tsufa, alhali shaƙewa kawai ta yi.

Sai muka cire tsohon faifan muka sa SSD mai gigabait 256. Shi ba abin da ke juyawa a cikinsa, tamkar babban filashi ne, don haka bai damu da jijjigar Adaidaita Sahu ba, kuma saurinsa ya ninka na tsohon sau da yawa. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe aikin da ake kan yi, gigabait 4 ne, muka ƙara wani 4 ya zama 8. Abin da nake so da irin wannan ƙirar ta 2012 ke nan: murfi ne da 'yan sukurori, ka buɗe ka canza abin da kake so. Batirin ma sakata biyu ce, ka zare ka sa wani. Yawancin sababbin siraran nan da kake gani a shagunan can, an narka RAM ɗin a jikin allon ciki, yadda ka saye ta haka za ka rabu da ita. Duk abin da na kashe, har da sabon batir da ladan yaron, bai kama ƙafar kuɗin da ka ce za ka turo ba.

Saura maganar babbar manhajar da za ta tafiyar da ita, kuma a nan ne na san za mu yi musu, don na san ka da son Windows. Ka san Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban nan da ya wuce, bayan shekara goma da fitowarta. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, amma sabuntawar tsaro da ke toshe ƙofofin ɓarayi ta tsaya, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, shi ma zuwa Oktoban 2026 ne. Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Taka zubi na uku ce. Masu gyara a nan sun iya dabarar tsallake wannan sharaɗin, suna ɗora ta a kan kowace kwamfuta, yaron ma ya ce in bari ya yi min. Na ƙi. Yarinya ce za ta tafi makaranta da ita, ba na son ranar da wata sabuntawa za ta zo ta ƙi shiga, ko abu ya rikice mata ana saura kwana biyu ta miƙa aiki. Ban da haka, irin Windows ɗin da ake zubawa a kasuwa sau da yawa ba ta asali ba ce, ana haɗa ta da wata 'yar manhajar fasa makulli wadda ba wanda ya san abin da ke cikinta.

Don haka na sa mata Linux Mint 22, wadda za a ci gaba da sabuntawa har 2029, kuma kyauta ce halak, ba satar fasaha. Na san abin da za ka ce: Linux ta masu baƙin allo da rubutun umarni ce. Haka take a da, lokacin da muka gwada Ubuntu a ɗakin kwananmu muka rasa yadda za mu sa modem ta yi aiki. Yanzu an wuce nan. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda ta saba gani, agogo da alamar batir suna dama. Wi-Fi ya kama ba tare da na nemi komai ba. Daga danna maɓalli zuwa buɗewa ba ta kai rabin minti. Na ma faɗa wa autar cewa wayar Android da ke hannunta a kan Linux ɗin aka gina ta, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, don haka ta daɗe tana amfani da ita ba ta sani ba.

Akwai wani amfani da sai wanda ke zaune a nan zai gane darajarsa. Ka tuna cutar nan ta filashi da ake kwasowa a shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye maka ayyukanka ta bar maka gumakan banza a madadinsu? Har yau tana nan tana yawo, kuma ɗalibai ne ta fi ci. Don Windows aka ƙera ta, ba ta da ƙafar tsayawa a Linux. In ta dawo daga shago da filashi mai cutar, za ta sa shi ta ga takardunta a zaune, ta goge shirmen da hannunta.

Ba zan ɓoye maka inda take da gajiyawa ba. CorelDraw da Photoshop da AutoCAD ba sa aiki a kanta. Da zanen gine-gine za ta karanta, ko da aikin ɗab'i za ta yi, da ni da kaina zan ce ka turo kuɗin. Amma Hausa da kimiyyar harshe za ta karanta, aikinta rubutu ne da karatu da bincike a intanet. LibreOffice, mai yin irin aikin Word, ya ishe ta. Abu ɗaya na ja mata kunne a kai: idan ta rubuta aiki a nan aka buɗe shi da Word a wani wuri, wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce, tebur ya matsa, layi ya sauka. Na koya mata ta riƙa mayar da shi PDF kafin ta kai bugu, in kuma malami ya nemi na Word, ta adana shi a docx ta duba shi a wata kwamfutar tukuna.

Da na kai mata, a tsakar gida muka zauna a kan tabarma, Hajiya tana gefe tana tsintar wake. Na riga na ƙara mata tsarin madannan Hausa, sai na ce ta rubuta sunan unguwarku. Ta rubuta Ƙofar Mata, babbar Ƙ ta fito da lanƙwasarta. Ta dube ni, ta sake duban allon, sai ta shiga jero kalmomi: ɓarawo, ɗaki, ƙasa. Ta ce ita duk zatonta a waya kaɗai ake samun waɗannan haruffan, a kwamfuta sai dai a rubuta k a sa mata alama a gefe. Ta juya allon tana nuna wa Hajiya bambancin kafa da ƙafa, Hajiya ta ce ai ita tun a yaƙi da jahilci ta san wannan. Wanda zai shekara huɗu yana rubuta Hausa, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajensa, kuma na ji daɗin da ta fara da shi daga ranar farko.

Sai maganar wuta, wadda ka san halinta. Sabon batirin yana kai ta wajen awa uku in ba bidiyo take kallo ba. Na hana ta barin caja a jone idan an ɗauke wuta, domin dawowar da take yi da ƙarfi ita ke ƙona caja, wani lokaci har da kwamfutar. Haka in an tada janareta, ta bari ya daidaita kafin ta jona. Na kuma ce kada ta ɗora ta a kan katifa ko bargo, don ta ƙasa take shaƙar iska, kuma in ta gama ta mayar da ita jaka saboda ƙurar nan. In kana son ka kashe wani abu daga kuɗin, ga inda zai yi amfani: ƙaramin sola da batir a gidan, wanda zai ɗauki fitilu da fanka da cajin kwamfuta. Hajiya ma za ta huta da zafin bazara mai zuwa. Ka ce min eh, in je in tambayo farashi a wurare biyu ko uku in turo maka.

In za ka samu mai zuwa gida, ka aiko mata da faifan ajiya na waje, ko da ƙarami ne, don ta saba da kwafe ayyukanta duk ƙarshen mako. SSD ba ya yin kukan gargaɗi irin na tsohon faifanka, ranar da zai tafi shiru yake tafiya. Na gaya mata haka, na kuma gaya mata yadda muka kusa rasa muryar Baba, na ga jikinta ya yi sanyi. Ta ce tana so ta saurare su, na ce ta bari sai na tambaye ka, tunda kai ka ɗauka. Ka ba ni amsa a kan wannan.

Wani abu kuma: akwai jakar da ka kulle da kalmar sirri, ban taɓa ta ba, na kwafe ta yadda take. In ka tuna kalmar, to, tana nan tana jiranka. Tsohon faifan ma ban yar ba, na naɗe shi na sa a durowa har ka dawo.

Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, kullum sai an tambayi yaushe za ka gama. Maiɗakina tana gaida taka, yara suna gaida abokansu. Ka shafa min kan ɗan autanka. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Kano.