Kafin ka miƙa wa ƙirƙirarriyar basira tsofaffin kaset ɗinka

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka yi tambaya a bainar jama'a cewa tunda yanzu ƙirƙirarriyar basira tana wanke tsohuwar murya ta fito tas, me zai sa mutum ya wahalar da kansa da gyaran rikoda? Me zai hana ya ɗora waya a bakin lasifika ya ɗauka, manhaja ta ƙarasa sauran? Ina roƙonka kada ka yi haka da kaset ɗin da babu na biyunsa.

Gaskiya ne fasahar ta yi nisa. A 2023 aka fitar da waƙar ƙarshe ta ƙungiyar Beatles, bayan da na'ura ta raba muryar John Lennon, ɗaya daga cikin mawaƙan ƙungiyar, da sautin fiyano daga wani kaset da ya naɗa a gida a ƙarshen shekarun 1970. Amma ka lura, muryar tana nan a kan zaren, tsamo ta kawai aka yi. Abin da hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin zare a cikin rikoda, bai karanta ba kuwa, manhaja ba ta da inda za ta samo shi, sai dai ta ƙirƙiro abin da take zato. Shi ya sa za ka ji muryar da aka matsa wa wanki ta koma kamar daga cikin gwangwani, harafin "s" ya narke, wata kalmar ma ta rikiɗe. Idan muryar mahaifinka ce, wannan asara ce.

Don haka aikin daga rikoda yake farawa. Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fitar a 1963 zarensa yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, faɗinsa kuma bai kai milimita 4 ba, kuskure kaɗan sai kunne ya ji shi. Abin da ya fi mutuwa a rikodar da ta daɗe a ajiye shi ne bel. Robar kan saki, ko ta narke ta zama baƙin danƙo. Ka kankare danƙon daga bakin tayoyin da auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, sannan ka sa sabon bel daidai da tsohon a faɗi da kauri. Wanda ya yi matsi yana cinye motar, wanda ya yi sako-sako yana sa murya rawa. Ka goge hed da siririyar sandar ƙarfen da ke jan zare. Ka duba tayar robar da ke matse zaren a jikin sandar: in ta bushe tana sheƙi, ita ce za ta tauna maka kaset.

Sai daidaita zaman hed, wanda a ganina shi ne aikin da aka fi tsallakewa alhali ya fi kowanne biya. A gefen hed akwai ɗan sukuru. Ka yi wa mazauninsa alama, ka haɗe sautin dama da hagu ya zama ɗaya, ka kunna kaset, ka riƙa juya sukurun sannu sannu da sukundireban da ba shi da maganaɗisu, kwatan zagaye dama, kwatan zagaye hagu. Inda sautin ya fi washewa, nan za ka tsaya. Kowane kaset da nasa, domin rikodar da ta naɗe shi ita ma da tata karkatar. Kaifin muryar da ka rasa a nan ba ya dawowa a kwamfuta.

Shi kansa kaset ɗin, ka fara karya ɗan harshen da ke samansa, kada hannu ya kuskure ya danna maɓallin naɗa. Ka leƙa ɗan soson da ke tura zare ga hed, yakan ɓalle. Ka gudu da zaren har ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya, ya saki jiki. Mai lamba C120 zarensa siriri ne ƙwarai, a lallaɓa shi. In zare ya tsinke, kada ka haɗa da salatif, gam ɗinsa yana tsiyaya ya manne zagayen da ke kusa. Akwai tef na musamman don wannan. In an rubuta Dolby, wato tsarin rage shuuu ɗin zare, a jikin kaset ka kunna maɓallinsa a rikoda, in babu ka bar shi a kashe, don kada ya dusashe sautin.

Ka ja waya daga mafitar sautin rikoda kai tsaye zuwa kwamfuta. Manhajar naɗar sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta isa. Ka ɗauka a kilohaz 48, bit 24, a fayil na WAV, kana barin sauti mafi ƙarfi ya tsaya wajen desibel 6 ƙasa da sifili a ma'aunin sautin manhajar. Kaset mai minti 90 zai ci kusan gigabait ɗaya da rabi.

Wannan fayil na farko kada ka taɓa shi. Ka yi masa kwafi biyu a ma'ajiya daban-daban, ka adana kaset ɗin ma. Manhajojin nan suna sauyawa kusan kowace shekara, ta baɗi za ta iya fin ta bana, kuma ɗanyen fayil za ta nema. Kwafi na uku shi za ka ba ƙirƙirarriyar basira, ka fara da wanki mara ƙarfi, kana sauraron minti ɗaya na asali da minti ɗaya na wankakke. Da ka ji numfashin mai magana ya ɓace tsakanin kalmomi, ka rage.

Wassalam.