Dan Allah a daina yi wa masu rainon 'yar tsana dariya

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan bidiyoyin nan da suke ta yawo a TikTok da Facebook na matan Turawa da na Brazil masu rainon 'yar tsana kamar jariri, mutanenmu sai tura wa juna suke ana ta sheƙa dariya, wai ƙoshi ne ya musu yawa, wasu ma cewa suke hauka ce tuburan. Ni dai wallahi abin bai ba ni dariya ba.

Waɗannan 'yan tsanan reborn ake ce musu, a Amurka aka fara yin su wajen shekarun 1990, kuma ba irin ta robar nan ba ce da muke saya wa yara da sallah. Mai haɗawa sai ya yi makonni a kan guda ɗaya, ya shafa fenti ya bushe ya kuma shafawa har sai jijiyoyi sun fito raɗau a goshi, gashin ma da allura ake dasa shi sili-sili, sannan a zuba ƙananan duwatsun gilas a ciki ta yi nauyi, in kika ɗauka kan sai ya langaɓe dole ki tallafe ƙeyar. Kuɗinta daga ɗaruruwan daloli har dubbai. A 2016 sai da ɗan sanda ya fasa gilashin mota a jihar New Hampshire ta Amurka zai ceto jariri, ashe 'yar tsana ce.

Eh akwai masu tarawa don sha'awa kawai, su jera a kabad, suna ɗinka musu kaya, kowacce da sunanta, wannan kuɗinsu ne. Amma a cikin masu sayen akwai wadda ta yi ɓari, akwai wadda ta sha naƙuda ɗan ya zo ba rai ta koma gida hannu rabbana ga nono ya cika ga kayan jariri a ninke, akwai wadda Allah bai ba ta ba kwata-kwata. A Ingila har gidajen kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa suna ba su 'yar tsana su rungume saboda hankalinsu na kwanciya. Toh wannan ce za ka saka a waya kana wa dariya?

Kuma mu ba baƙin abin ba ne. Yarbawa tun kaka da kakanni in ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu ana sassaƙa ɗan mutum-mutumi, ere ibeji, uwar ta riƙa yi masa wanka tana shafa masa mai tana sa masa tufafi. Nana A'isha ma Allah ya ƙara mata yarda ta yi wasa da 'yan tsana ita da ƙawayenta a gidan Annabi SAW. Hukuncin babba ya ajiye mai kama da mutum sak kam na malamai ne, su za su faɗa. Wadda kuma ta kai ga ɗaukar 'yar tsana zuwa asibiti a duba mata, abin da ya sa a 2025 'yan majalisa a Brazil suka kawo ƙudurorin cin tara, ita likitan ƙwaƙwalwa take buƙata da 'yan uwa a kusa, ba tara ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mu masu dariyar nan me muke wa namu matan? A ce da wannan juya, a ce da waccan mai wabi, kishiya ta yi gori dangin miji su yi habaici, wadda ta rasa jariri kuwa ko kwana bakwai ba a yi ba an ce ta yi haƙuri wani na tafe, shikenan an rufe zancen ba mai sake tambayarta ya take kwana. Alhali Najeriya tana cikin ƙasashen da aka fi haihuwar jarirai ba rai a duniya.

Edita ina roƙon ku tura wakiliyarku mace ta zauna da irin waɗannan matan namu, a sakaya sunayensu, a buga abin da suka ce. Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar nan.

Mai karatunku,
daga Zariya