Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban NFF: a shigar da yaranmu rajista kafin dillalai su riga mu

Zuwa ga Alhaji Ibrahim Musa Gusau,
Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni kocin wata ƙaramar ƙungiyar yara ne a Daura. Shekara 14 ke nan ina tara su a filin makarantar firamare bayan sallar La'asar. Na rubuto maka da Hausa don na san da kanka za ka karanta, kuma don kai ma daga ƙwallon jiha ka taso, ka riƙe hukumar ƙwallon Zamfara kafin a zaɓe ka a birnin Benin na Jihar Edo a watan Satumbar 2022. Ka san filin da ba ciyawa, ka san kocin da yake cire kuɗin ƙwallo da na jesi daga albashinsa.

Maganar rajistar 'yan wasa ce ta kawo ni.

Akwai yaron da mahaifinsa ya kawo min yana ɗan shekara 12, ko takalmi ba shi da shi. A hannuna ya koyi tsayar da ƙwallo, a hannuna ya koyi bugu da hagu. Da ya karye a hannu, ni da mahaifinsa muka kai shi wurin mai ɗori. Ya buga mana har ya kai 17, sai wani dillali ya gan shi a gasar hutun Sallah, ya ce zai kai shi gwaji kudu. Muka yi masa addu'a, muka haɗa masa kuɗin mota. Bayan wata takwas aka turo min hoton katinsa na ɗan wasa ta WhatsApp. An zaftare masa shekara 3, an juya rubutun sunansa, kuma a takarda an nuna wai a wata akademi ya fara ƙwallo, akademin da bai yi ko wata huɗu a cikinta ba. Shekara 6 da ya yi da mu babu su ko'ina. Na ɗauko hujjata, littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, da hotunan fasfo da muka manna da gam, rabinsa damina ta riga ta jiƙa. Wa zan kai wa wannan littafi ya saurare ni? Yaron kansa ya kira ni cikin dare yana ba ni haƙuri, ya ce an ce masa in bai yarda ba a mayar da shi tasha. Ban ga laifinsa ba. Ko ni ne a shekarunsa, da yunwar da ya baro a gida, abin da zan yi ke nan.

Yallaɓai, ka fi ni sanin dokar FIFA, amma bari in faɗe ta saboda 'yan'uwana kociyoyi da za su karanta. Duk sanda aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin, a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko, kowace shekara rubu'in kashi 1 ne, daga 16 zuwa sama kuma rabin kashi 1. To yaron da ya zauna da ni daga 12 zuwa 17, rabona kashi 2 cikin 100 ne. In Allah ya ɗaga shi aka saye shi Yuro miliyan 1, Yuro 20,000 ke nan na ƙungiyarmu, kuma in an sake sayar da shi gaba, a sake warewa. Dubi Ahmed Musa, daga Jos zuwa Kano Pillars, zuwa VVV-Venlo a Holan, zuwa CSKA a Rasha, zuwa Leicester a Ingila a 2016. Tafiya irin wannan, kowane zango akwai kason waɗanda suka sha ƙura da yaro tun yana ƙarami. Yuro 20,000 a Daura zai gyara fili, ya saya wa yara takalma na shekaru, ya biya wa marayun cikinsu kuɗin jarrabawa.

Tun watan Nuwambar 2022 da FIFA ta buɗe ofishinta na Clearing House a Paris, hanyar biyan wannan kuɗi ta koma ta kwamfuta. Da zarar an yi ciniki, na'ura ce take haɗa fasfon ɗan wasa na lantarki daga bayanan rajistar da hukumomin ƙasashe suka shigar, ta jera ƙungiyoyin da ya zauna da kwanakin da ya yi a kowace, sannan a raba kuɗi a kan wannan jeri. Sai kuma an tantance ƙungiya, an ga tana da asusun banki da sunanta. Ƙungiyar da ba ta cikin rajista, na'ura ba ta san da ita ba, ko da duk mutanen unguwa za su rantse da Alƙur'ani cewa a filinta yaron ya girma. A da rashin takarda wahala ce kawai yake jawo mana. Yanzu asara ce kai tsaye, kuma wanda ya riga shigar da sunan yaro shi ne uban gidansa a idon duniya.

Abin da yake ƙona min rai shi ne maganin yana nan, ba sai an ƙirƙiro shi ba. FIFA ta wajabta wa kowace hukumar ƙasa rajistar lantarki, ta kuma samar da manhajar FIFA Connect kyauta, wadda take ba kowane ɗan wasa lamba ɗaya da za ta bi shi har ya ajiye takalmi. A ƙarƙashin shirin tallafin raya ƙwallo na FIFA Forward na 2023 zuwa 2026, kowace hukuma tana iya samun har Dala miliyan 8. Manyan ƙungiyoyi irin su Katsina United suna da sakatare da ofis da kwamfuta, su ba su da damuwa. Amma ɗan wasa ba a babban filin wasa na Muhammadu Dikko da ke birnin Katsina yake fara taɓa ƙwallo ba. A Baure yake farawa, a Zango, a Sandamu, a Mai'aduwa, a hannun malamin makaranta ko tela ko ɗan acaɓa da ya ɗauki horar da yara ibada. Jihar Katsina kaɗai ƙananan hukumomi 34 ne, kuma babu wadda ba ta da irin waɗannan ƙungiyoyi. In rajista ta tsaya a sama, an bar ƙofar baya a buɗe, kuma ta nan ake fita da yaranmu.

Duk wanda ya nemi kujera a harkar ƙwallo a ƙasar nan, da maganar raya ƙwallo daga tushe yake zuwa. Mu ne tushen, ranka ya daɗe, kuma abin da muke roƙo bai kai kuɗin tafiyar wasa ɗaya na Super Eagles ba. Muna son a buɗe wa kowace ƙaramar ƙungiya hanyar shiga ta wayar hannu, koci ya ɗauki hoton yaro da takardar haihuwarsa da amincewar iyayensa, jami'in ƙaramar hukuma ya tabbatar, jiha ta gani, Abuja ta gani, duk a lokaci guda. In wani ya zo zai sake yi wa yaron rajista da sabon suna a wata jiha, manhaja ta ƙi karɓa, ta kuma sanar da ni. A sa Hausa a ciki, don da yawan kociyoyinmu Turancinsu bai wuce na gaisuwa ba, alhali sun iya aiki da waya sarai, kullum suna tura kuɗi da ita. A yi ta yadda za ta riƙe bayani ko babu sabis, don a ƙauyukanmu na bakin iyaka sau da yawa sai mutum ya hau tudu kafin saƙo ya fita. Kuma don Allah, don Annabi, kada a ɗora mata kuɗin da zai kore mu. Ƙungiyar da take karo-karon Naira 200 ta sayi ruwan leda ranar wasa ba za ta iya biyan dubbai a kan kowane yaro ba. In aka tsawwala, masu kuɗi ne za su yi rajista, kuma da yaranmu za su yi ta.

Wannan rajista ita ce kuma maganin rage shekaru da ya daɗe yana ba mu kunya. Sau biyar muka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma a 2016 sama da yara 20 suka faɗi gwajin MRI na hoton ƙashin wuyan hannu da ake yi don tantance shekaru, maƙwabciyarmu Nijar ta fitar da mu a wasannin share fage muna riƙe da kofi. Gwajin ƙashi a ƙurarren lokaci yake kama mutum. Yaron da aka shigar yana ɗan 12, da hotonsa da ranar haihuwarsa, ba mai iya mayar da shi ɗan 15 bayan shekara bakwai. Haka ma 'yan hayar da suke ɓata mana gasannin gida, yau a ga mutum da jesin wannan unguwa, jibi da na waccan, a tashi wasa da jifa.

Akwai sauran abubuwan da manhajar za ta gyara, kamar sanin ƙungiyoyin da suke da rai da waɗanda suna ne kawai a takarda sai lokacin zaɓe, da kuɗin rajistar shekara da ake karɓa hannu da hannu ba rasit. A kuma kula da wanda zai iya ganin bayanan yara, musamman 'yan mata, don iyaye a nan ba za su ba da hoton 'yarsu ba sai sun san inda zai tsaya.

Ina roƙonka a gwada da masarautar Daura. Ƙananan hukumomi biyar ne kacal. A turo mutum biyu su zauna da mu kwana uku, mu za mu tara kociyoyi, mu nemi aji a makaranta, mu kawo yara da iyayensu da takardunsu. A hannuna yanzu akwai yara 31, kuma akwai guda biyu da na ga idon dillalai ya fara sauka a kansu tun gasar da ta wuce. Ɗayan watan gobe zai cika 16.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani kocin yara,
Daura, Jihar Katsina.