Zuwa ga aminina, kan 1 Timoti 2:12

Fasto na kaina,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina uwargida da yara? Ka yi shiru wata da watanni, sai da dattawan ikkilisiyarka suka sa ka gaba kan ko mace za ta yi wa'azi sannan ka tuna da ni. To, na yafe.

Kada ka fara daga aya ta 12, inda Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba, sai dai ta yi shiru; nan kowa ke tuntuɓe. Koma 1:3: Bulus ya bar Timoti a Afisa ne don ya tsawata wa masu baƙuwar koyarwa, 5:13 kuma ta ambaci gwauraye mata masu ƙuruciya da ke bin gida-gida suna faɗin abin da bai kamata ba. Sannan ka nuna musu cewa umarnin aya ta 11 shi ne mace ta koya. Kalmar da aka fassara da shiru, hesukiya a Helenanci, 'yar'uwarta ce ke 2:2 inda ake roƙa wa kowa zaman natsuwa. Ba ɗinke baki ba ne.

Gaɓar rikicin ita ce autentein, kalmar Helenanci da aka fassara da yin iko a aya ta 12. Sau ɗaya tak ta fito a duk Sabon Alkawari, alhali eksusiya ce kalmar da Bulus ya saba da ita in zai yi maganar iko. Shugabanci yake hanawa, ko danne namiji? Masana sun rabu, kai ma kada ka rantse. Ni dai na fi karkata ga danniya, don a Afisan nan Bilkisu da Akila suka ƙara wa Afolos haske, Ayyukan Manzanni 18:26, ga kuma 1 Korantiyawa 11:5 inda mata ke addu'a da annabci.

Af, ka ji mai gangarmu ya yi aure? Zumuntar Mata suka riƙe bikin, har da wa'azin, ba dattijon da ya ce uffan!

Amma kada ka tsallake aya ta 13. Masu cewa dokar ta har abada ce a kan Adamu da Hawwa'u suke tsaye, wato tsarin halitta, ba rikicin Afisa ba, kuma hujjar tana da nauyi. In ka ɓoye ta, wani dattijo zai tono maka ita a tsakiyar taro. Aya ta 15, ta ceto da haihuwa, ka ware wa ayar nan zama na daban.

Ina barkonon da ka yi alkawari? Ka gaida Mama.

Naka,
abokin gardamarka