Yaranmu na Katolika a Sakkwato ba su san tarihin gidansu ba

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Don Allah a ba ni ɗan fili, wani abu ne ya tsaya min a rai tun ran Lahadi.

Bayan an tashi daga coci muna tsaye bakin babban cocinmu na Holy Family nan Bello Way ana jiran ɗan kabu-kabu, ga rana ta Sakkwato ta take, sai na tambayi wasu samari guda huɗu 'yan CYON, wato ƙungiyar matasanmu, na ce wa ye bishop ɗinmu na farko. Ɗaya ya ce Kukah, ɗaya ya yi dariya ya ce baba ai Kevin Aje ne, sauran biyun kuwa kansu na kan waya ko ɗagowa ba su yi ba. Ban ga laifinsu ba fa, mu ne ba mu faɗa masu ba.

To ga shi in sun karanta. A 1953 aka yanke yankin nan daga Kaduna aka damƙa shi hannun fadocin Dominikan da suka zo daga Amurka, sai a 1964 ya zama cikakken dayosis, wato yanki mai bishop nasa, Edward Lawton ne bishop na farko kuma bai daɗe ba ya rasu a 1966, Michael Dempsey ya karɓa, bayansa Kevin Aje, sannan Matthew Hassan Kukah tun 2011. Kuma ƙasa ce mai faɗin gaske, da can har Katsina duk namu ne kafin a 2023 a ba ta nata dayosis ɗin, aka naɗa Gerald Mamman Musa ɗan Malumfashi, Bahaushe, mu da ake ce wa wai Katolika addinin baƙi ne ranar mun sha iska.

Inda na dosa shi ne batun ziyara. Da an ce ziyara sai hankalin kowa ya tafi Urushalima ko Roma, mutum ya dawo ya liƙa JP, alamar ya je Urushalima, bayan sunansa, madalla, amma tsakani da Allah yaron da ke gyaran waya a kasuwa ko yarinyar da ke koyon ɗinki yaushe kujera za ta zo kansu? Kujerun kaɗan ne kuma mun san su wa ke samu. Alhali ga Gusau nan, inda Dominikan suka yi zamansu, ga cocin Our Lady of Fatima, ga sistocin Dominikan da iyayenmu mata har gobe in ana hirar asibiti da haihuwa sai sun ambace su. Ina yaro an taɓa kwasarmu a bayan a-kori-kura zuwa can, katikis ɗinmu, mai koya mana addini, na gaba yana jan rosari mu muna baya muna cin ƙura, 'yan Zumuntar Mata sun ɗauro mana dambu a leda, wallahi abin da tsohon nan ya ba mu labari a hanya har yau yana kaina fiye da duk abin da na karanta.

Na sani za a ce hanya, kuma gaskiya ne, hanyar Gusau yanzu ba wanda zai ɗauki 'ya'yan mutane ya hau ta da gaba gaɗi, kuma ba mu manta Michael Nnadi ba, yaronmu ɗan shekara 18 da aka sace daga seminari, makarantar horar da fadoci, a Kaduna aka kashe a 2020. To a fara da cikin gari mana, a taka da ƙafa daga Holy Family zuwa St. Kevin a Gidan Dare da sassafe kafin rana ta yi, a zaunar da tsofaffin katikis su yi magana, yaran nan masu waya su ɗauka su ajiye. Biyu daga cikin waɗanda suka koya min katikizim sun riga mu gidan gaskiya, na ukun kuma yanzu sai an ɗaga murya yake ji.

Naku,
Wani ɗan Katolika, Sakkwato