Rahoton kwamitin gyaran ɗakin kwamfuta na ƙungiyar matasan unguwa

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da 'yan uwa mambobi. Aikin da kuka ɗora mana na gyaran ɗakin kwamfuta ya kammala, alhamdulillah, ga bayanin yadda aka yi.

Ɓangaren gini dai kowa ya gani da idonsa. An canza kwanon da yake yoyo ta kusurwar gabas, an cire silin ɗin da ruwa ya ruɓar an sa sabo, an yi filasta inda bango ya tsage aka shafa fenti. Mai wayarin ya zare tsoffin wayoyin gaba ɗaya ya ja sababbi, ya ƙara soket, ya kuma binne ƙarfen at, wanda ke sauke ɓataccen lantarki cikin ƙasa, a bayan ɗakin saboda da in ka taɓa jikin kwamfuta sai ka ji tana ɗan jan hannu. Yanzu babu wannan.

Inda muka sha fama shi ne kan kwamfutocin, musamman babbar nan ta kusa da taga wadda firinta take jikinta kuma sauran suke ɗauko darasi daga cikinta. Kun tuna a taron baya har an ce a sayar da ita wa 'yan jari bola, wasu na cewa bairos ne, wasu na cewa ƙwaƙwalwarta ce ta mutu, an yi mata fomatin ba sau ɗaya ba amma abin yana nan, kana kunna karatun Alƙur'ani a sifika wani ya zo zai kwafi fayil ta netwok sai ta sandare, maus ba ya motsi kibod ba ya amsawa sai an kashe ta ta baya. To ba bairos ba ne wallahi, kuma babu abin da ya ƙone a cikinta. Kati biyu ne, wato ƙananan allunan da ake sokawa a cikin kwamfuta don sauti ko netwok, suke rigima a kan layi ɗaya.

Bari mu ɗan yi bayani don masu riƙe ɗakin bayanmu. Duk na'urar da ke jikin kwamfuta in tana son firosesa, wato ɓangaren da ke sarrafa duk aikin kwamfutar, ya saurare ta akwai layin da take bi ta katse shi, ana kiran layin IRQ. A irin waɗannan tsoffin injina layukan 16 ne kacal, daga 0 zuwa 15, kuma yawanci an riga an raba su tun daga masana'anta: 0 na agogon ciki ne, 1 na kibod, 2 shi ne mahaɗin da ya haɗa rukunin farko da na biyu don haka ba a taɓa shi, 3 da 4 na kafofin COM da ake jona tsohon maus ko modem, 6 na fulofi, 7 na kafar firinta, 8 na agogon kwanan wata, 12 na maus ɗin PS/2, 13 na ɓangaren lissafi, 14 da 15 na haddis da sidi. Kun ga abin da ya rage ɗan kaɗan ne, 5 da 9 da 10 da 11. In na'ura biyu suka hau layi ɗaya, kamar ƙararrawa ɗaya ce a ƙofar gida biyu, in aka danna ba a san wa ake nema ba.

Tamu Pentium II ce mai cif ɗin Intel 440BX wanda ya fito a 1998, tana ɗauke da Windows 98, kuma madabod ɗinta, wato babban allon da komai ke jikinsa, yana da ramin kati iri biyu, baƙaƙe dogaye na ISA da farare gajeru na PCI. Bambancin yana da muhimmanci sosai, katunan PCI an ƙera su yadda za su iya raba layi ɗaya su zauna lafiya, na ISA kuwa sam ba sa yarda, kowanne sai nasa. Da muka buɗe sai muka tarar katin sauti na Sound Blaster yana kan 5, katin netwok ɗin mai kwaikwayon NE2000 shi ma yana kan 5, dukansu ISA, dukansu da jampa ake saita su, wato ƴan ƙananan robobin nan da ake sakawa a kan filoli biyu a jikin katin. Abin da ya ruɗa mutane shi ne in ka shiga Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, ba ka ganin alamar nan ruwan ɗorawa mai nuna matsala, komai kamar lafiya lau, saboda katin jampa ba ya faɗa wa Windows layin da yake kai, abin da aka rubuta da hannu wa direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, shi take gani. An rubuta 10, katin kuma yana kan 5. Sai da muka zare shi muka haska fitilar waya muka karanta ɗan rubutun da ke jikin allon sannan muka gane.

Gyaran kansa bai ci ko sisi ba. An mayar da jampar katin netwok kan 10 don ta dace da direba, aka bar sauti a kan 5. Sannan muka shiga BIOS, wato saitin da ke cikin madabod wanda ake shiga kafin Windows ta tashi, wajen saitin PnP da PCI, muka cire rabon layuka daga kan otomatik muka mayar na hannu, muka keɓe 5 da 10 a matsayin Legacy ISA don kada BIOS ya ɗauka ya ba wani katin PCI. Mun kashe COM2 tunda babu abin da ke jikinta, layi na 3 ya samu kansa. Mun kuma duba layin SET BLASTER da ke cikin AUTOEXEC.BAT, A220 I5 D1, saboda tsohuwar manhajar koyon tafin ɗin yara ta DOS ce kuma nan take dubawa.

Sai dai kuma washegari da aka kunna ta, sauti ya ɗauke. Nan fa wasu a cikinmu suka fara cewa ai dama an faɗa. Ɗaya daga cikin yaran da ke koyon gyara a wajenmu ne ya lura agogon kwamfutar ya koma wata tsohuwar shekara, ashe batirin CMOS ne ya mutu, ɗan zagayayyen nan CR2032, shi ke riƙe saitin BIOS in babu wuta. Duk sanda aka kashe soket da dare sai duk abin da muka keɓe ya goge, BIOS ya koma rabonsa na kansa ya miƙa 5 ga USB, rikici ya dawo sabo. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya kullum, mataccen batiri yana nufin saitin ba zai kwana ba. An sayo batiri a Beirut Road, har muka canza wa duka kwamfutocin gaba ɗaya tunda sa'annin juna ne, aka sake saitin, aka kunna Reset Configuration Data sau ɗaya don injin ya manta da tsohon rabo. Tun daga nan ba ta sake sandarewa ba, mun gwada ta da karatu a sifika da kwafi da firintin duk lokaci guda.

Sauran ba su ba da wahala haka ba. Ɗaya maus ɗinta ne ke tsayawa, tsohon maus ne mai shiga COM1, kuma akwai modem a ciki a kan COM3, su biyun layi na 4 suke bi. Modem ɗin dai wayar tarho ta gida yake buƙata wadda babu ita yanzu, muka cire shi kawai. Wata kuma katin sautinta yana kan 7 yana karo da firinta, aka matsar da jampa zuwa 5. Ta ƙarshe katin PCI ne aka saka a ramin da ke manne da na katin hoto na AGP, waɗannan ramukan biyu galibi layi ɗaya suke rabawa kuma direban katin tsoho ne ba ya jure haka, muka matsar da shi rami na gaba, shi ke nan. Guda ɗaya ce ba ta tashi ba, kafasitocin madabod ɗinta sun kumbura, mun ajiye ta don a riƙa cirar kaya.

Ra'ayin kwamiti shi ne kar a sayar da injinan nan. Intanet kam ba za su iya ba, kar ma wani ya jona su, amma koyon tafin da Word da Excel da buga takardun makarantar dare suna yi tsaf, kuma kuɗin sababbi ba mu da shi yanzu.

Roƙonmu ga malamai masu koyarwa: a cikin murfin kowace kwamfuta mun manna takarda da ke nuna kowane kati da layinsa da raminsa. Don Allah kar wanda ya danna Load Setup Defaults a BIOS, kar a canza wa kati rami, in za a ƙara wani abu a kira ɗan kwamiti tukuna. Abin da ya rage a yi shi ne UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, ga babbar kwamfutar da labulen taga saboda ƙurar hunturu. Ma'aji zai karanto lissafin kuɗi da rasitai a taro mai zuwa, mukullin ɗakin kuma yana hannun sakatare ga masu son zuwa dubawa kafin nan.

Jazakumullahu khairan.
Sakatare, a madadin kwamitin gyara.